Makin Jana'iza na Alhaji Rasaki

Daga Gumel zuwa Yankaba

Ana sallame sallar asuba ranar Litinin na saɓa jakata na nufi tasha, ko kunu ban tsaya sha ba. Maiɗakina ta biyo ni har zaure da ƙullin kuka da daddawa, ta ce in kai gidan Alhaji Rasaki, kada kuma in je in tsoma baki a rigimar uba da ɗa. Na ce mata ai don in tsoma bakin aka kira ni.

Ga wanda bai san shi ba, Alhaji Rasaki Bayarabe ne haifaffen Fagge, yana sayar da kayan ɗinki a wajen Bata. A gidansu na kama hayar ɗaki lokacin da aka fara tura ni koyarwa Kano, ina saurayi, ko tukunya ba ni da ita. Mahaifiyarsa, wadda duk unguwa ke kira Iya, ita ta riƙa ciyar da ni, tana tsula mini yaji a miya tana dariyar hawayena. Bayan rasuwar mijinta ta koma garinsu, Iwo, a ƙasar Yarbawa, can take har yau, tsufa ya kama ta sosai. Ranar Asabar Rasaki ya bugo mini waya ya ce, "Malam Habu, ka zo ka raba ni da ɗana Kamilu. So yake ya rufe mini kati." Ban gane wane kati yake nufi ba, amma na ji muryarsa ba daidai take ba.

A tasha direba ya ce mutum biyu yake ɗauka a gaba. Na ce masa gwiwoyina tare muka yi ritaya, na biya kuɗin kujerar duka. A Gujungu muka tsaya na sayi ƙosai mai zafi. A shingen Gezawa aka leƙa but ɗin motar, aka tarar da kajin wata fasinja sun kwance ƙafa, muka ɓata lokaci ana kamun kaji a bakin titi. Da hantsi muka sauka Yankaba. Na hau a-daidaita-sahu zuwa Bata, muka maƙale a bayan manyan motocin da ke kai kaya Kasuwar Singa. Mai tuƙin ya ce, "Baba, da ka sauka ka taka da ka riga ni." Na ce da ina iya takawa ai da ban ba shi kuɗina ba.

Fagge

Na tarar da Rasaki a shago, ya miƙe ƙafa ɗaya a kan kwali, ta kumbura. Ciwon suga ne. Shekara uku rabonsa da Iwo, domin ba ya iya zaman mota na yini da kwana. Ana cewa zumunci a ƙafa yake, to shi ƙafar ce ta ƙi.

Bayan mun gaisa ya zaro katin ya ajiye a gabana. Katin banki ne na bashi, irin wanda banki ke biya maka ka mayar kafin ƙarshen wata, kuma an haɗa shi da wani kamfanin jirgin sama. Duk tikitin da ka saya da shi, ana rubuta maka maki. In makin ya taru sai ka hau jirgi kyauta.

Yadda aka yi makin ya taru shi ne abin da ban sani ba sai ranar. 'Yan kasuwar Fagge da Sabon Gari masu zuwa Legas sarin kaya, da yawansu ba su da irin wannan kati. Sai su kawo wa Rasaki kuɗi a hannu, ya saya musu tikiti, maki ya shiga sunansa. Shi kuwa ya ce makin ba nasa ba ne, na jama'a ne, ya kafa masa doka. Duk wanda uwarsa ko ubansa ya rasu a ƙasar Yarbawa, da makin za a ɗora shi a jirgin safe zuwa Legas, daga can ya hau mota ya isa kafin la'asar. Mu Musulmi ba ma ajiye gawa, wanda ya bi hanyar mota daga Kano kuwa sai dai ya tarar da kabari. Haka ake yi shekara da shekaru, har unguwa ta sa wa abin suna makin jana'iza.

"Yanzu saura na mutum ɗaya, zuwa da dawowa," in ji Rasaki. "Kowa ya san na Iya ne."

Kamilu, wanda yanzu shi ke riƙe da shagon, ya matso ya durƙusa. Ya ce, "Baba Habu, wani babban kamfani ne zai haɗiye wannan kamfanin jirgin. Ana ta cewa makin zai zama banza. Ga kuɗin da banki ke cira duk shekara don katin kawai. Ni cewa na yi a rufe a huta. In Allah ya yi wa Iya rasuwa, ni zan saya masa tikiti."

"A ranar?" in ji uban. "Ka san kuɗin tikitin da aka saya a ranar tafiya? Ka san ranar za ta same ka da kuɗi a hannu?"

Na ji tausayinsu su biyun, domin babu mai mugun nufi a cikinsu. Na ce gani ya kori ji, gobe mu je ofishin kamfanin da kanmu. A tsohon ɗakina na kwana, wanda yanzu rabinsa buhunan zare ne. Aka kawo mini amala, tuwon Yarbawa, matar Rasaki ta ce ta rage yaji saboda ni. Ban ga alamar ragin ba.

Sabon Gari

Washegari da safe muka je ofishin. Allon ƙofa ma an cire rabinsa, ana jiran sabon suna. Wata ma'aikaciya mai fara'a ta ba Rasaki kujera ta ɗora ƙafa, ta duba kwamfuta, ta gaya mana gaskiya ba tare da kwana-kwana ba. In aka rufe katin yau, makin da ke kansa ya ƙone. In aka bar shi, za a mayar da makin cikin tsarin sabon kamfani, amma ita kanta ba ta san ko zai isa tikiti ɗaya a can ba. Ko jirgin safe na Kano zai ci gaba da tashi, wannan ma ba a sanar da su ba.

Ta ce, "Baba, abin da na tabbatar kawai shi ne yau makinka ya isa. Yaushe za ka yi tafiyar in yanka maka?"

Rasaki ya ce, "Sai ranar da Allah ya yi."

Ta dube ni, na dubi ƙasa. Ya yi mata bayani a hankali. Ta ba shi haƙuri, ta ce ba a yanka tikiti babu rana.

Muna fita raina ya ɓaci. Na tsaya a bakin titi na ce, "Wai kai Rasaki, sai ta mutu za ka je? Ga maki, ga jirgi, ga uwarka da rai."

Ya ce, "Malam Habu, ni na kafa dokar. Mutum nawa suka zo mini uwarsu ba lafiya, na ce su yi haƙuri, makin na jana'iza ne? Yau don ta zo kaina sai in karya? Da wane ido zan kalle su?"

Ni ɗan gidan malamai ne, na san nauyin amana, ban kuma isa in ce wa mutum ya ci tasa ba. Muka hau a-daidaita-sahu muka koma Fagge.

Kwaciri

A masallacin Kwaciri muka yi la'asar, inda yawancin masu kawo wa Rasaki kuɗin tikiti suke salla. Na tuna gargaɗin maiɗakina, na ajiye shi a gefe. Ana gama addu'a na miƙe na gaya wa jama'a abin da aka ce mana a ofis, da abin da Rasaki ya ce a bakin titi. Ya yi ta jan rigata, ban kula shi ba.

Aka ɗan yi hayaniya. Wani ya ce a rufe katin, wani ya ce a bari a ga kamun ludayin sabon kamfanin. Sai wani tela mai suna Tijjani, wanda aka taɓa ɗorawa a jirgi lokacin rasuwar mahaifinsa, ya nemi a saurare shi.

Ya ce, "Alhaji, ni na ci makin nan, har in mutu ina yi maka addu'a. Na isa a kan lokaci. Da ni aka yi wanka, da ni aka ɗauki makara, ni na shiga kabari na karɓe shi. Amma Babana bai san na zo ba."

Tijjani ya ce, "Makin namu ne, ko ba haka ka ce ba? To mun ba ka. Ka je ta gan ka."

Babu wanda ya musa. Rasaki ya sunkuyar da kai, ya daɗe yana murza carbi, sannan ya ce wa Kamilu ya koma ofis kafin su tashi, a yanka masa tikitin jirgin safe na gobe. Aka kuma tsayar da magana cewa ba za a rufe katin ba sai an ga dokokin sabon kamfani, kuɗin shekara kuwa jama'a za su haɗa. Dokar jana'izar ma aka ce za a zauna a sake dubawa.

Komawa gida

Ranar Laraba da sassafe muka raka shi filin jirgi. Ya sa babbar riga sabuwa, ya riƙe ledar kilishi da turaren da Iya take so. Na ce ya gaishe ta, ya ce mata ɗan hayarta ya yi furfura. Daga nan Kamilu ya sauke ni a Yankaba, ya biya mini kujerar gaba tun kafin in yi magana. Motar ta daɗe ba ta cika ba, a Gujungu kuma taya ta yi faci, don haka sai bayan la'asar na shiga Gumel.

Ina cire takalmi a zaure waya ta yi ƙara. Rasaki ne. Ya ce ya sami Iya zaune a tabarma a ƙofar ɗaki, idonta ya yi rauni, sai da ta shafa fuskarsa ta gane shi. Ta tambaye shi yaya ya iya zaman mota da wannan ƙafar, ya ce a jirgi ya zo. Iya ta yi shekaru a Fagge, ta san abin da jirgin safe yake kawowa. Sai ta kama hannunsa ta ce, "Wa ya rasu?"

Ya ce mata, "Ba kowa, Iya. Ke na zo gani."

Ya ce ta sa ya maimaita sau biyu. Daga nan ya miƙa mata wayar, na ji muryar da na yi shekaru ban ji ba tana cewa, "Habu, har yanzu kana kuka in ka ci yaji?" Na ce mata yau ma ina yi, kuma ko abinci ban ci ba.

Na gode wa Allah da ya kai ni lafiya ya dawo da ni, na gode wa mutanen Fagge da Kwaciri da suka karɓe ni kamar ban taɓa barinsu ba. Maiɗakina ta tsaya a kaina da kwanon ruwa tana jira in gama share ido. Ta ce, "Ka tsoma bakin ko?" Na ce na tsoma.