Masaƙan Bakin Kogi

An kai ni gidan mijina a Mai Wurno, garin da kakanninmu suka kafa can gabas cikin ƙasar Larabawa, ba da daɗewa ba bayan tafiyar Turawa. Masaƙi ne, kamar ubansa. Shi da sauran masaƙan unguwarmu suna da rumfa a ƙarƙashin wata tsamiya kusa da kogi, kuma daga tsakar gidanmu ina iya bambanta ƙarar ƙoshiyarsa da ta kowa, don shi ba ya gaggawa.

Mu mata ke ba su zare. In an gama tsinkar auduga a hawasha, wato gonakin da ruwan madatsar Makwar ke shayarwa, sai mu samo namu rabo, mu gurza, mu shiɓe, mu zauna kaɗi. Surukata, wadda nake kira Inna, ita ta gyara mini hannu. Zawarawa da tsofaffin unguwar da mazari suke ci. Daga masaƙa, fari ya tafi wurin marini, ya tafi wurin maɗinki. Gwado ɗaya gida nawa yake ciyarwa!

Wata ranar kasuwa maigidana ya dawo daga Sinnar da kayansa a ka, kusan yadda ya tafi da su. Ya zaro wani ƙyalle daga aljihu ya miƙa wa Inna. Fari fat, ga santsi, ga faɗi. Fatake ne suka kawo shi a lori, wai daga bayan teku.

Inna ta murza shi, ta ce, "Wanga ba ya kai damina biyu."

Ya ce, "Inna, wa ke tambayar damina biyu? Da kuɗin gwadona guda mutum na tufatar da gidansa duka."

Masaƙa suka yi shawara, suka zaɓi dattawa su je birnin Madani su roƙi hukuma ta taƙaita shigowar yadin, ko ta ɗora masa haraji. Maigidana na cikinsu, don ya fi su Larabci. Ya sa rigar da ya saƙa da hannunsa. Da ya dawo na tambaye shi, ya ce an ba su shayi, an saurare su da mutunci, an ce talaka ma yana da hakkin ya sa sutura mai araha.

Na ce, "To, Malam, mi ka ce musu?"

Ya ce, "Mi zan ce? Ba ƙarya suka faɗi ba. Na dai ce mu ma talakawan ne."

Da hukuma ta gagara, sai aka koma wa juna. Bayan sallar Juma'a dattawan unguwa suka yi alkawari: kayan aure da likkafani, na masaƙanmu za a saya. Alkawarin ya riƙe mu ɗan lokaci. Amma amare suna zuwa Sinnar suna ganin na sa'o'insu, iyaye kuma aljihu ba nauyi. Ba wanda ya fito ya ce ya karya. Sai dai ka ga an shigo da kaya a ƙunshe, in kun haɗu a hanya mai gidan ya sunkuyar da kai ya tsawaita gaisuwa. Maigidana bai taɓa yi wa kowa gori ba. Har ƙanensa, da ya kafa tebur yana sayar da yadin, ya je ya sa masa albarka.

Rumfar ta riƙa raguwa. Wani ya tafi aikin gini Madani, wani ya zama ɗan dako. Marinin ya rufe karofinsa da ƙaya kada yara su faɗa. Tsofaffin da ke kawo mana zare suka ci gaba da kawowa, ni ce mai fita in ce musu ba a bukata. Wata makauniya a cikinsu ta ce mini, "Ɗiyata, karɓi ki aje, ni ban san abin da zan yi da hannuna ba." Na karɓa.

A ƙarshe shi ma ya naɗe zarensa, ya shiga aikin hawashar wani. Mutumin da ya yi rayuwarsa a zaune cikin inuwa, ga shi tsaye cikin ruwan rafi yana buɗe wa auduga hanya. Yana ganin ana ɗura ta a buhu ana kaiwa jirgin ƙasa. Ya taɓa ce mini, yana dariyar da ba ta kai ciki ba, "Ta tafi yawo, za ta dawo ta same mu."

A ruwan nan ya ɗauko tsargiya. Ya yi ta fama, cikinsa ya kumbura, ƙafafunsa suka sirance. Muka kai shi asibiti a Madani, aka ce an makara. Ya rasu da kaka, yaranmu ba wanda ya isa aure.

Da aka zo haɗa shi, aka aika neman fari a unguwa, ba a samu mai saƙa ba. Inna ta shiga ɗakinta ta fito da likkafanin da ya saƙa mata tun ƙafarta na da ƙarfi. Ta ce a sa masa. Ƙanensa ya ce, "Inna, ke fa?"

Ta ce, "Ni ka yanko mini a teburinka in lokaci ya yi."

Ba ta ƙara shekara ba, haka kuwa aka yi.