Hutun da Baba Ya Yi a Bencin Mai Gadi

Bayan rasuwar Inna, Baba ya koma zaman zaure shi kaɗai, ba rediyo ba hira. Da aka ba mu hutu a makarantar da nake koyarwa, sai na je ƙauye na ce masa ya shirya, zan kai shi Kaduna ya huta kwana uku a otal. Ya yi dariya ya ce, "Wanda ba ya aikin komai, me zai huta?" Amma washegari na tarar ya fito da farar shaddarsa ya sa an goge.

A Kaduna aka haife ni. Baba ya daɗe yana aiki a wata masaƙa a Kakuri, muna haya a Nasarawa. Da aka rufe masaƙar muka tattara muka koma gida, bai sake taka garin ba. Ƙarar injin ta riga ta cinye masa kunne, in za a yi masa magana sai an ɗaga murya, ko a tsaya a gabansa ya kalli baki.

Na kama mana ɗaki biyu a wani matsakaicin otal, da an tsallako gadar kogin Kaduna kaɗan, inda ko'ina kusa ne. Baba ya tuɓe takalmi a ƙofar wajen karɓar baƙi, sai da yarinyar da ke wurin ta roƙe shi ya mayar. A ɗaki ya ce in kashe masa na'urar sanyi, ya danna katifa da hannu ya ce wannan ai sai ta karya wa mutum baya.

Da safe na kai masa shayi ban same shi ba. Na sauko hankalina a tashe, sai na hango shi a bakin get, zaune a benci tare da mai gadi, wani tsoho siriri sanye da kakin da ya yi masa yawa. Hannunsu riƙe da na juna.

"Zo ki gaida Oga," in ji Baba. "Shi ne foman ɗinmu a masaƙa, shugaban ɓangarenmu."

Na durƙusa na gaishe shi. Ya yi sauri ya miƙe yana cewa, "Tashi 'yata, a nan ke Madam ce." Ya dube ni ya dubi Baba. "Wannan ce ka bar mini injin yana gudu ka ruga gida ranar da aka haife ta?"

Mutumin Filato ne, Kirista, kuma ashe layin bayanmu yake a Nasarawa, har yanzu ma can yake zaune. Shi ma kunnensa ya yi nauyi. Na zauna gefe ina kallonsu. Rabin hirar da hannu suke yi, irin yadda suka saba a cikin ƙarar injin. Baba ya ambaci wani abokin aikinsu, Oga ya kife tafin hannu ƙasa, ma'ana ya rasu. Ya ambaci wani, ya sake kifewa. Wani ya koma noma a garinsu, wani ya makance. Shayin ya huce a hannuna.

Na shirya mana yawo da yawa, kasuwa da bakin kogi da gidan wata ƙawata a Unguwar Sanusi. Wuri ɗaya kawai Baba ya yarda ya je. Muka ɗauki keke Napep zuwa Kakuri, ya nuna wa direba hanya da kansa ba kuskure. Ciyawa ta rufe harabar masaƙar, iska ta yaye rufin wani sashe, awaki na kiwo a inda ma'aikata suke ajiye kekunansu a da. Na ce mu sauka. Ya girgiza kai. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Mu koma, Oga na jira in ba shi labari." Da muka koma Oga ya ce shi kam ya daina bin wannan titin, ko da aike ya kama shi zagayawa yake yi.

Da rana Baba ya ɗauko farantin shinkafarsa daga wajen cin abinci ya kai bakin get. Oga ya ce an hana su ci da baƙi. Baba ya ajiye farantin a tsakaninsu ya ce to shi ma ya ƙoshi. Daga baya na ga sun cinye tare.

Bayan la'asar abin ya faru. Wata baƙar mota ta tsaya a waje tana ta hon, su kuwa sun juya wa get baya suna hira, ba wanda ya ji. Ina saukowa daga bene na ga mai motar ya turo ƙaramar ƙofa ya shigo. Matashi ne, bai kai ni shekaru ba. Ya tsaya a kan Oga yana zagi da Turanci da broka, yana cewa wane irin wuri ne wannan da za a ajiye kurma a ƙofa. Manaja ya fito da gudu ya ba shi haƙuri, ya juya ya ce wa Oga an sha faɗa masa. Oga ya cire hula ya riƙe da hannu biyu yana cewa, "Sori sa, sori sa." Sannan manajan ya matso kusa da ni ya ce a hankali, akwai falo mai kujeru da aka tanada don baƙi.

Na so a ce Baba bai ji ba. Amma yana tsaye yana kallon bakin kowa, babu abin da ya wuce shi. Ya hau sama ya rufe ƙofa. Bayan magariba ya kira ni ya ce in haɗa kaya, gobe za mu tafi.

"Baba, saura kwana ɗaya fa."

"Ni na jawo masa," ya ce. "In na ƙara kwana za su kore shi."

Da safe Oga ya buɗe mana get tun kafin kekenmu ya ƙaraso, ya ƙame a gefe. Baba ya sa direba ya tsaya, ya sauka, suka riƙe hannu. Ba wanda ya tayar da zancen jiya. Oga ya ce ya gaida gida, Baba ya ce ya gaida iyalinsa da yara. Muka je tasha muka shiga mota. Sai da muka wuce Kawo ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Mutumin nan da, in ya ɗaga hannu, duk injinan ɓangarenmu tsayawa suke yi."

Baba ya rasu bayan kaka, jinyar kwana huɗu. Da aka yi arba'in na koma Kaduna don in gaya wa Oga da bakina. Wani na tarar a bakin get. Manaja ya gane ni, ya yi mini gaisuwa, ya ce tsohon ya ajiye aiki, 'ya'yansa sun zo sun mayar da shi Filato. Na je Nasarawa, maƙwabta suka ce haka ne, amma ba wanda ke da lambarsu. Na rubuta tawa a takarda na ba wata mai sayar da ƙosai a bakin layin, ta ce in wani nasu ya zo za ta ba shi. Har yau ba a kira ni ba.