Gayya a Gonar Ɗana

Daminar da samarin bakin tasha suka sari ɗana, zama wuri ɗaya ya gagare ni. In na ɗora tukunya sai in tsinci kaina a ƙofar gida ina leƙen hanya, ban san wa nake jira ba. Rigima ce tsakanin gungu biyu na 'yan kabu-kabu a kan wurin tsayawa. Shi ba ya cikin kowane, daga kasuwar dabbobi ya fito ya faɗa tsakiya, adda ta same shi a hannun dama. Lokotoro ya ɗinke, ciwo ya warke, amma yatsun suka naɗe, har yau ba su miƙe ba.

Ni dai so nake a kai su kaso, gidan yari, su ruɓe a can. Komiser kuwa, shugaban 'yan sanda, wani dogo mai sanyin magana da ke ƙara mini haushi, sai ya tara mu a zauren mai unguwa, ga liman, ga iyayen yaran. Wanda ya yi saran ya durƙusa ya amsa laifinsa da bakinsa. Aka yanke cewa iyaye su ɗauki nauyin magani, su kuma samarin su yi wa ɗana gayya, su nome masa gonarsa ta hanyar Sabon Maci har hatsi ya nuna.

Na ce, "Ranka ya daɗe, hannun ma noma mishi za su yi ya tsiro?"

Liman ya yi gyaran murya, mai unguwa ya ce in yi haƙuri. Da aka tambayi ɗana ko ya yafe, cewa kawai ya yi ya ji. Ni na haife shi, na san wannan shirun. Ba a daɗe ba na ga dutsen washi jiƙe a bayan rumbu, addar marigayi ubansa kuma ba ta inda take rataye. Tsoro ya kama ni. Na riga na yi asarar hannu, ga shi ina shirin yin asarar yaron gaba ɗaya.

A wurinmu mai gona shi ke ciyar da 'yan gayya. Maƙwabciyata ta ce wannan ai ba gayyar arziki ba ce, kowa ya zo da guzurinsa. Na ce Allah ya kiyaye a ce an nome gonarmu da yunwa. Haka na daka fura ina zage-zage, turmi ya sha wahala ranar. Nonon dai na rage, wannan kam ban ji kunyarsa ba.

Ina cikin damun furar na lura tabarmar ɗana ba kowa. Na ɗauki ƙwarya ban ko rufe da kyau ba, na kama hanya, rabi tafiya rabi gudu, fura na zuba mini a wuya.

Ɗan sandan da aka turo sa ido yana gindin gawo, ya tuɓe takalma yana gyangyaɗi. Samarin sun jeru da doguwar hauya. Ɗana na tsaye a bakin gona, hannun hagu cikin riga, idonsa a kan wanda ya sare shi. Ya taka ya nufe shi, ya sake takawa, sai ya tsaya yana kallon ƙasa. Yaron da ya yi saran ɗan tasha ne, babur kawai ya sani. Duk inda ya bi ya kwantar da ciyawa da hatsi da wake gaba ɗaya.

Ɗana ya daka masa tsawa, "Kai! Mi kake yi haka? Wanga hatsi ne, ba haki ba!"

Yaron ya juyo, tafinsa duk ya yi bororo. "Wallahi ban taɓa riƙa hauya ba."

"Kawo nan, sakarai! Ka ɓata mini hannu, kuma ka ɓata mini gona?"

Ya miƙa masa hauyar. Ɗana ya kai hannun dama, yatsun suka ƙi kamawa. Sannan ya zaro na hagu daga riga, addar ta sulale ta faɗi cikin yashi, ya karɓi hauyar ya ɗora ƙotar a kan naɗaɗɗen hannun ya tura. Yaron ya ga addar sarai, amma bai gudu ba, sai ya bi bayansa yana kallon yadda ake ratsa tsakanin shuka.

Na ajiye ƙwaryar, na tsugunna kamar mai gyara zane, na naɗe addar a ƙuguna. Da suka zo shan fura wani ya ce, "Inna, hurar ga ba nono." Na ce ya sha ko ya bari.

Ba zan ce sun zama aminai ba, gaisuwa ce kawai in sun haɗu a tasha. Addar tana ƙarƙashin gadona. Bai taɓa tambayata ba, ni kuma har yanzu in ya yi shiru da yawa sai na shiga ɗaki na laluba na ji tana nan.