Muryar da Na Ji Cikin Motar Ɗan'asabe

Jama'a, wallahi abin da zan faɗa muku ni ya faru da ni, ba labarin wani na ɗauko ba. Shekarun baya ina gyaran esin mota, wato na'urar sanyaya ciki, a wata rumfa a Daɗin Kowa cikin Jos, ni da aminina Ɗan'asabe, wanda muka koyi aiki tare wajen wani oga Ibo, kwano ɗaya muke ci, har 'ya'yana baba suke ce masa.

Wata shekara 'yan sanda suka zo suka zaro kwamfuresar esi ta sata cikin buhu daga ƙarƙashin bencina, abin da ban taɓa gani ba, na yi kwana tara a tsare. A cikin kwanakin nan mahaifiyata ta rasu, aka binne ta ba ni. Ɗan'asabe ne ke kawo mini abinci, shi ya faɗa mini rasuwar yana hawaye, shi kuma ya riƙe aikin bas-bas ɗin wata makaranta da aka ba ni, wai kafin in fito. Da na fito ban ko tambaya ba, na bar masa.

Bayan kamar shekara biyu, ran nan da azahar, ya ce in sa wa motarsa gas, shi zai tsallaka titi ya ci abinci. To mu a aikinmu ba a ɗura gas haka nan, sai an fara zuƙe iska da danshin da ke cikin bututu tas, in ba haka ba sanyin ba ya zuwa ko'ina. Na ɗaura geji mai auna iskar, na kunna injin zuƙa, allurar gejin ta fara sauka, sai ga ruwan Jos ɗin nan mai zuwa ba sallama, na faɗa cikin motar na ja ƙofa.

Ku lura fa, mota a kashe take, batir ma mun cire yana caji, gas babu ko ɗigo. Amma sai na ji sanyi na busowa ta ramukan esi, sanyi har cikin haƙori. Kafin in motsa sai murya ta biyo shi, ƙasa-ƙasa, muryar Ɗan'asabe sak har da 'yar in'inarsa, kamar mai magana a waya:

"Tana ƙarƙashin bencinsa, cikin buhu. Ni na aje ta. Ku zo kafin la'asar."

Innalillahi. Na ɗaga kai, ga shi can tsallake a rumfar mai abinci yana kai loma. Na lalube ƙarƙashin kujeru ko waya ce, babu komai. Sau uku maganar ta maimaita, sannan ɗif.

Da ya dawo ina tsaye a ruwa. Na ce, "Ɗan'asabe, wa ya sa buhu ƙarƙashin bencina?"

Na so ya zage ni, wallahi na so ya ce na haukace. Sai ya dubi motar, ba ni ba, ya ce, "Wa ya faɗa maka?"

Shi ke nan. Ban dake shi ba, na kwance gejina na tattara kayana na koma unguwar Kabong da aiki. Cikin satin ya sayar da motar, har yau bai tako ƙofata ba.

Bara wata mata ta shigo sabuwar rumfata da motar, na gane ta tun daga nesa. Ta ce sanyi kam lafiya lau, amma in tana tuƙi ita kaɗai sai ta riƙa jin kamar mutum na kiran wani suna a hankali. Na ce wane suna, ta faɗa. Nawa ne, na gida, wanda mahaifiyata kaɗai ke kira na da shi.

Na ce ta yi haƙuri ta gwada wani gareji. Ku dai ku riƙe addu'a, kuma in kun ji mota na magana, ku fita tun kafin ku gane muryar.