Bakari Mai Dagi, Wanda Ya Ƙi Haƙa Kabari a Fadama

Duk wanda ya taɓa kwana a Garin Mala, gabas da Haɗeja, ya san ƙarar dagin Bakari kafin ya san fuskarsa. Da an sallame asuba zai fito yana dogara shi kamar sanda, ƙwarya a ɗaya hannun, ya bi ta bayan masallaci ya nufi arewa. Da rani ƙafa ke kai shi. Da kaka, in kogi ya cika ya shafe fadama, sai ya shiga kwalekwalen masunta. Inda za shi ɗaya ne kullum, wato jigawar nan mai nisa inda makabartar garin take. Can zai wuni yana toshe ramin gafiya, yana tada kabarin da ya rufta, yana saran itacen rufi yana jingine shi a inuwa, don kada ranar bukata a tsaya nema. Ba wanda ya naɗa shi, ba kuma wanda ya taɓa yi masa roƙo a wurin biki. Mutane ma ba su cika son cin karo da shi da sassafe ba. Bana ya ajiye dagin, shi ya sa ya kamata a faɗi ko wane ne shi tun yana ji da kunnensa.

Manomi saman ƙasa ya sani, iyakar inda garma ta tsaya. Mai haƙar kabari kuwa cikinta yake shiga har ƙugu, kuma Bakari ya shiga sau ba adadi. Shi ya sa in ya fara zancen ƙasa, matarsa Huseina takan ce a ɗauke tuwo a rufe, don sai ya huce. A wurinsa ƙasa ba ɗaya ba ce, kuma ba launi kaɗai ke raba ta ba. Yakan ɗebi kaɗan ya tofa mata miyau ya murza a tafin hannu. Wadda ta watse ta ƙi haɗuwa, rairayin saman jigawa ce. Ya ce iska ce ta tara ta a wani zamani da ba a ruwa, shi ya sa jigayin ƙasar nan duk suka kwanta fuska ɗaya kamar kunyoyin gona. Gero da gyaɗa na sonta, kabari ba ya so, domin kana haƙa tana bin ka. In ka gangaro kafaɗar jigawa sai ka sami jangargari, ja mai ɗan danƙo, ruwan sama na ratsa ta ya wuce, bango kuma ya tsaya. Nan ne gidan mamaci. Can ƙasa, bakin inda ambaliya ke tsayawa, akwai mai farin gari a fuska, wadda rana ta tsotse ruwanta ta bar kanwa, sai dabbobin Fulani su yi ta lasa. Daga nan kuma sai baƙar laka ta fadama, wadda Barebari ke ce wa firki, mai murzuwa ta yi tsawo kamar igiya.

Wannan baƙar laka ita ce ta raba shi da amininsa.

A shekarun da aka kwashi samari zuwa yaƙin Bama, na Turawa a ƙetaren teku, damina ta yi ta gajarta. Kogin Haɗeja ya daina hawa fadamar bayan gari, shekara ta bi shekara, har yara suka tashi ba su san an taɓa kama kifi a wurin ba. Ƙasar ta bushe ta daddare, ƙafar akuya na iya faɗawa cikin tsagar. Ga yunwa, ga sanƙarau da ya sauka da zafin bazara. Wata rana a kai gawa biyu, wata rana fiye. Masu ɗaukar makara kansu jiri ke ɗibarsu, ga jigawa da nisa, ga rana.

Bulama Ari, mai garin, sa'an Bakari ne, tare aka yi musu kaciya. Ba mugun mutum ba ne, tausayin jama'arsa ya ji. Garin a kan ɗan tudu yake, ba sauran fili, sai ya tara dattawa ya ce a buɗe sabuwar makabarta a busasshiyar fadamar nan, gindin kanya, inda ko tsoho zai iya rakiya. Kowa ya ce madalla.

Bakari ya tashi daga wurin. Ya tafi gindin kanyar ya haƙa rami har gwiwa, ya cika ƙwaryarsa da ƙasar ciki, ya kawo zauren Bulama ya ajiye.

"Ranka ya daɗe, dubi nan. Sama baƙa ce, amma ciki toka-toka, da ɗigo-ɗigon ja kamar tsatsar wuƙa. Ƙasa ba ta yin wannan launi sai ta daɗe a ƙarƙashin ruwa. Ga kuma ɓawon katantanwa. Wurin nan na kogi ne. Tafiya ya yi, bai sayar ba."

Bulama ya ce, "Bakari, shekara nawa rabon da ruwa ya zo nan?"

"Da yawa."

"To, mutanena yau suke mutuwa. Kai kana maganar ruwan da ba wanda ya san ranar zuwansa."

"Ni dai hannuna ba zai sa Musulmi a nan ba. In nisa ne, ni zan riƙe gaban makara kullum."

Aka watse ana cewa taurin kai ne, wasu suka ce yana tsoron a raba shi da jigawarsa ne, sai ka ce wata sarauta ce. Samari suka karɓi haƙan fadama. Bakari ya ci gaba da nasa a jigawa, ga duk gidan da suka yarda, kuma bai saɓa alkawari ba, gaban makara a kafaɗarsa yake tafiya.

Sai Allah ya yi wa Inna Gumsu rasuwa, mahaifiyar Bulama. Matar nan ta goyi Bakari a bayanta lokacin da tasa uwar ke jinya, kowa ya sani. Bulama da kansa ya taka har ƙofar gidansa, abin da mai gari ba ya yi.

"Inna ta cika. Ba na son hannun kowa a kabarinta sai naka. Gindin kanya, inda zan riƙa ganinta daga zaure."

Huseina ta ce tana bayan zana, tana jin su. Sai ta ji muryar mijinta.

"Ari, uwata ce ni ma. Ka bar ni in kai ta jigawa, ko ni kaɗai ne."

"Gindin kanya na ce."

"To, ka yi haƙuri."

Nan zumunci ya tsinke. An yi salla da Bakari a sahun baya, wasu suka haƙa, aka rufe ta a baƙar laka. Daga ranar Bulama bai ƙara kiran sunansa ba, in ya zama dole sai ya ce "mai dagin nan". Abin ya ci Bakari ƙwarai, ya rame, ya daina zama a dandali. Amma bai janye ba.

Kai ne, Bakari, wanda aka ga yana zagawa makabartar da ya ƙi haƙawa. Baƙar laka in ta bushe tsagewa take, in ta sha yayyafi ta kumbura, kabari ya baje ya ɓace. Duk rani kana can da ƙwaryarka kana cike tsaga don kada kare ko kura su sami hanya, kana kafa guntun tukunya a kan kowane kai, kana riƙe da sunan mai kowane wuri a zuciyarka. Masu dariya suna cewa ga wanda ya ƙi aiki ya dawo yana gyaran na wasu. Kai dai ka ci gaba da cike tsagarka.

Bayan yaƙi ya ƙare, samarin da suka rage suka dawo, damina ma ta dawo. Ruwan kogin nan ba na samanmu ba ne kaɗai. Can yamma, wajen ƙasar Kano, ake zuba shi, ya taho a hankali ya iso mana bayan gero ya yi kai. Shekarar farko ya tsaya nesa. Ta biyu ya matso. A ta gaba, tun sama ba ta gama zuba ba, Bakari ya soka dagi a gindin kanya ya zaro shi jiƙe sharkaf, alhali saman ƙasar bai nuna komai ba. Masunta kuma suka ce kogi ya haye gaɓa a yamma.

Bai tsaya cewa ai na faɗa ba. Wurin Liman Shu'ibu ya fara zuwa ya tambaya ko shari'a ta yarda a tashi mamaci daga kabarinsa. Liman ya ce in ruwa zai ci shi, ya halatta, da sharaɗin a suturta, a kuma yi da ladabi. Daga nan ya wuce zauren da ya yi shekaru bai taka ba. Ya durƙusa ya yi gaisuwa kamar kowane talaka.

"Ranka ya daɗe, ruwa ya shigo ta ƙasa. Na riga na fara haƙa a jigawa. Izini nake nema da maza masu ƙarfin zuciya."

Waɗanda ke wurin sun ce Bulama ya sunkuyar da kai. Da ya ɗago, idonsa ya kaɗa.

"Ka san wurin kowa?"

"Na sani."

"To, a fara da na talakawa. Ni na kai su can. Inna ce ta ƙarshe."

Aikin da aka yi a kwanakin nan ba na ba da labari dalla-dalla ba ne, kuma waɗanda suka yi shi ba sa so. Mata suka haɗa fararen zannuwa, masaƙa suka ba da abin da ke kan masaƙarsu. Daga hantsi zuwa la'asar ake yi, ba hira, sai salati. Bakari ke shiga kowane rami, shi ke naɗewa, shi ke faɗin sunan mai shi don danginsa su matso su karɓa. Da fari a kafaɗa ake kaiwa jigawa. Daga baya hanya ta yanke, sai da kwalekwale. Tafin hannunsa ya fashe, Huseina ta ɗaure masa da tsumma da man shanu, gari na wayewa ya koma.

Ranar da aka zo kan Inna Gumsu, ruwa ya kai idon sawu a gindin kanya, yana kuma ƙaruwa ido na gani. Wasu suka ce a haƙura, an yi iyakar yi. Bakari ya ce a kewaye kabarin da jinga. Lakar nan da ta jawo duk wahalar ita aka kwaɓa aka yi bangon da ita, domin ba abin da ya fi ta riƙe ruwa. Samari na kwalfewa da ƙore, shi yana ciki yana haƙa da hannu, don kada ƙarfe ya taɓa ta. Da ya miƙo ta a naɗe, Bulama ne ya shiga ruwan da rigarsa ya karɓa. A cikin ramin nan ne gadon bayan Bakari ya riƙe, sai ɗauko shi aka yi, kuma bai ƙara miƙewa sosai ba har yau. Kafin mako ya zagayo, masunta na jefa taru a inda makabartar take.

Ba a yi wani taron sulhu ba. Washegari dai an ji Bulama yana cewa, "Ku kai wa Bakari fura," aka san sunan ya dawo.

Ya ci gaba da aiki a duƙe shekaru bayan haka, yana nuna wa masu jini a jika inda za su sara da inda za su bari. Bana da bazara ciwo ya kwantar da Bulama Ari. Da ya ji jikin ba na tashi ba ne, ya aika a kira amininsa. Aka kawo shi a kan jaki.

"Bakari, na san jigawa ta cika ta wajen Inna. Ban isa in roƙe ka komai ba. Amma in da hali, ko daga nesa ne, a sa ni inda take."

"Wurinka na nan a damanta, Ari. Tun ranar da muka kai ta na auna na bari. Duk wanda ya tambaya, ce masa nake akwai saiwa a wurin."

Bulama ya juya fuska bango ya yi kuka, bai ɓoye ba. Da ya cika, Bakari ya sa aka riƙe shi aka saukar da shi cikin ramin, ya gyara bangon ciki da hannunsa, yadda aka taɓa roƙonsa ya ƙi. Wannan ne kabarinsa na ƙarshe. Da ya fito ya miƙa wa samari dagin, ya ce ya gama.

Sannu, Bakari, mai gyara makwancin da mai shi ba zai gode ba. Kai ne ka yarda gari ya juya maka baya, har da wanda ka fi so, don kada ruwa ya ci waɗanda ba su da bakin yin ƙara. Mun gode, mu da iyayenmu da ke kwance a busasshen wuri. Allah ya saka maka, ya sassauta maka ciwon bayan nan.

Ku kuma masu ƙarfi a yau, na Garin Mala da na sauran garuruwan bakin kogi, yana nan zaune a ƙofar gidansa, hankalinsa garau. Ku ɗebi ƙasar garinku ku kai masa ya murza, ku koyi raba ta, ku koyi tsayawa a kan abin da kuka gani ko da ran manya zai ɓaci. Ku hanzarta, domin kabari ɗaya ya rage wanda ba zai iya duba muku ba, wato nasa, kuma ku ne za ku haƙa shi.