Ruwan Ƙanƙara a Idon Babana

Babana masunci ne a Argungu, kuma da idonsa yake ci. Yakan dubi fuskar ruwa ya ce nan giwan ruwa yake, can kuwa tarwaɗa ce kawai, kada ka ɓata tarunka. Shekarar da na shiga makarantar horon malamai a Birnin Kebbi ya fara tuntuɓe da bakin jirgi. Abin da ke gabansa yana gani, na gefe kuwa sai ya taka. Na lallaɓa shi muka je asibiti, likita ya ce hawan jinin ido ne, a dawo a yi aiki kafin jijiyar ta mutu, don in ta mutu ba ta dawowa.

Muna komawa gida Baffa, yayan babana, ya hau kujerar na-ƙi. Shi ne babba a gidan, in ya yi magana ba mai cewa uffan.

"Wuƙa ga ido? Ba a gidanga ba," in ji shi. "A jira ƙanƙara."

A wajenmu, in ƙanƙara ta faɗo a farkon damina, akan fita da ƙwarya a tare ta, a narkar a ɗura a kwalba. Wai ruwa ne da bai taɓa ƙasa ba, babu wanda ya kai shi tsarki, yana wanke kowane irin ido. Matsalar ita ce ba kowace shekara take zuwa ba. Haka muka zauna muna jiran sama, idon babana yana ƙara tsukewa.

Ana cikin wannan jira ne malamar kimiyya ta zo mana da darasin dusar ƙanƙara. 'Yar Filato ce, Kirista, mai son zane a allo. Ta ce can sama inda sanyi ya kai matuƙa, tururin ruwa ba ya saurin daskarewa shi kaɗai, sai ya sami abin da zai kama: ɗan ɓurɓushin yumɓu, ko tokar hayaƙi irin na ɓuntun shinkafa da muke ƙonawa, wani lokaci ma ƙwayar cuta. A kan wannan ɗan abin yake daskarewa, ya riƙa jawo tururi yana fitar da rassa shida, kowace ƙwaya da irin zanenta gwargwadon sanyi da danshin da ta ratsa. Ƙanƙarar tamu ta nan, ta ce, mafarinsu ɗaya, sai dai iska ke wurgi da ita sama da ƙasa tana ƙara ɓawo kamar albasa.

Na ɗaga hannu. "Malama, wato ƙanƙara da datti a cikinta?"

"A kansa ta ginu," in ji ta, ta ci gaba da zanenta.

Wallahi ban ji sauran darasin ba. Ba dattin ne ya dame ni ba, don ɗan ƙanƙane ne. Abin da ya ci mini rai shi ne ruwan da muke jira ruwa ne kawai, ko tsarkin da ake yaba masa ma ba shi da shi.

Sai a damina ta biyu ƙanƙara ta faɗo a garin Gulma, surukin Baffa ya aiko da kwalba guda. Na tafi gida na ɗaga ta a rana, ga laka-laka kwance a gindinta. Na durƙusa gaban Baffa na faɗa masa duk abin da aka koya mana, cikin ladabi.

"Ke ɗiyag ga, boko ya kai ki ga zagin ruwan Allah?" Ya karɓe kwalbar ya girgiza ta. "Wanga da kika gani ƙasa, shi na maganin."

Na juya ga babana, na ce Baba mu tafi yau, ni zan kai ka. Ya sunkuyar da kai.

"Yayana ne, ɗiyata. In na ƙetare maganarsa, ina zan sa kaina?"

Inna ce ta buɗe masa fatar ido, Baffa ya ɗiga. Na ji haushin Baffa, amma gaskiya na fi jin haushin babana, mutumin da ba ya tsoron kada a ruwa, amma ya kasa cewa a'a sau ɗaya don idonsa.

Kafin kwalbar ta ƙare ya daina gane fuskar Inna. A lokacin ne Baffa ya ce to, a gwada asibitin. Likita ya haska idon, ya kashe fitilarsa, ya tambaye ni ina muka shiga duk tsawon wannan lokaci. Baffa ya ce haka Allah ya nufa, kowa ya amsa, ni dai ban amsa ba.

Bayan 'yan shekaru yanar ido ta rufe wa Baffa gani. Bai jira damina ba. Ni aka kira a waya, tunda ni na san gari, na tarbe shi a tasha, na bi masa layi, na kai shi gidana a unguwar Gesse ya yi jinya. Aka yi masa aiki ya warke sarai, har zare yana sa wa allura.

Yanzu shi ke ja wa babana sanda zuwa masallaci. Mutanen unguwa suna tsayawa su sa masa albarka, suna cewa samun ɗan'uwa irinsa sai an tona. Babana yana bayansa riƙe da ƙarshen sandar, yana cewa amin.