Guɗar da na yi wa 'yar fari

Ku matso, ku ara mini kunnuwanku. Ga ta nan tafe, amma wannan ba gizo a cikinta, da idona na gani.

Ɗiyata ta fari ta kusa arba'in lokacin da ta ce za ta koma neman bak, jarrabawar nan ta ƙarshen sakandare da ta kayar da ita tana budurwa. Tun daga lokacin muke zama tare kan teburin salati da tumatir a kasuwar Petit Marché. Aikin ungozoma take so ta koya, makarantar kuwa ba ta karɓar mutum sai da bak a hannu.

"Sau ɗaya zan gwada, Inna," ta ce. "In na faɗi, na bar maganar har abada."

Hanyoyin ba ɗaya ba ne, ta zayyana mini su muna tsinkar ganye. Akwai makarantar yamma ta manya can unguwar Banifandu, amma kafin mutum ya iso daga unguwarmu Gamkale an ci rabin darasi. Akwai darussan da ake turowa ta waya, ta ce waya da 'ya'ya huɗu a gida ba ta zama a hannun uwa. Sai wani tsohon malamin lakkwal, wato makarantar boko, da ya ajiye aiki, Mushe ake ce masa, mai tara direbobi da teloli ƙarƙashin rumfarsa Asabar da Lahadi. Shi ta zaɓa. Ni na riƙe tebur.

Ku sani, mu a gidanmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yabonsa gaban mutane. "Ke" nake ce mata tun tana goye. Ranar bikinta ma ina ƙuryar ɗaki.

Ranar sakamako na bi ta, na ce zan tsaya bakin ƙofa kawai. Filin makarantar ya cika, wani mutum yana karanto sunaye a lasifika. Ya karanta, ya karanta, ya tsaya ya sha ruwa, babu nata. Sai ya ɗauko wata takarda ya ci gaba, kuma ga sunan nan, sunan da bakina bai taɓa furtawa ba, yana yawo saman itatuwa.

Ban san lokacin da guɗa ta fito mini ba. Na rangaɗa ta, na ƙara, har mai lasifikar ya ɗago kai. Ɗiyata ta kutso ta kama gyalena.

"Inna, ki yi shiru, ba a gama ba."

"Ba sunanki ya kira ba?"

"Na 'yan zagaye na biyu ne. Mun kusa, ba mu kai ba. Sai mun sake zama."

Mushe yana gefe yana dariya cikin hularsa. "Hajiya, kin kai gudummawa tun ba a sa ranar biki ba."

Kafin mu isa gida labari ya riga mu, maƙwabta har sun ɗora tukunya. Ɗiyata ta dube su, ta dube ni.

"Shekara nawa kina jin kunyata, Inna, sai yau kika ga damar fasawa? To yanzu dole in ci, ko don kada guɗarki ta tashi a banza."

Kwanakin nan ko tumatir ɗaya ban bari ta taɓa ba. Da muka koma filin, na toshe bakina da gyale. Aka kira sunan, na ƙi motsi, don ban yarda da takardun mutumin nan ba. Ta zo da gudu kamar yarinya, ta janye gyalen da hannunta.

"Yanzu ne, Inna."

Na saki guɗa, har muryata ta dushe.

Mushe yana nan da rumfarsa, an ƙara masa benci. Ɗiyata ta gama koyon aikinta, tana karɓar haihuwa a wani ƙaramin asibiti. Ni kuwa na bar wa ƙanwarta tebur, ina zaune gida. Har yau "ke" nake ce mata.